Maƙwabcina ɗan Somaliya ya ƙi zuwa asibiti, wai ƙodarsa za a sace

Sani Direba:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun daren Alhamis, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware mini.

Kun san a Miniyafolis nake tuƙi, shekara ta shida ke nan. Duk Amurka babu jihar da 'yan Somaliya suka taru kamar Minesota. Masallacinmu ɗaya da su, wajensu muke sayen naman akuya, in ka shiga unguwar Cedar-Riverside da la'asar sai ka rantse Mogadishu aka ɗauko aka dasa cikin ƙanƙara. Akwai wani dattijo da ƙofarsa ke kallon tawa, Adeer muke ce masa, wato baffa da harshensu. Mutumin kirki, ko shayi ya dafa sai ya ƙwanƙwasa mini.

Wajen ƙarfe ɗayan dare 'yarsa ta buga mini ƙofa tana kuka. Na tarar da shi kan darduma ya dunƙule, ya dafe cikinsa ta dama, gumi na ta zuba. Ashe kwana uku ke nan yana amai, ba abin da yake sha sai man habbatus sauda da zuma. Na ce ya tashi mu tafi, ga mota a ƙasa. Wallahi bawan Allahn nan ƙafar kujera ya riƙe. Yana nuna kwiɓinsa yana cewa "kelli, kelli". 'Yar ta ce ƙoda yake nufi, wai da zarar sun yi masa allurar barci za su cire ɗaya su ba wani Bature. Sai da muka tashi limaminmu ta waya, ya lallashe shi kusan minti ashirin, sannan ya yarda.

Afendis ne, kuma ya riga ya fashe. Likitar ta ce da tun ranar Talata aka kawo shi, da washegari ya koma gida. Yanzu ga shi kwance da roba a ciki tana fitar da ruwa. Da ya farfaɗo bai nemi kowa ba, hannu ya sa yana lalubar cikinsa yana ƙirga filasta. Ya samu huda uku. Ya ce abu ɗaya aka ce za a cire, me ya kawo ƙofa uku? Har yanzu bai yarda ƙodarsa biyu ce ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, na sha jin zancen nan a bakin fasinjoji. Daga ina tsoron ya faro? Akwai ƙamshin gaskiya, ko hirar teburin mai shayi ce kawai?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba dattijo lafiya. Amma Malam Sani ni ban ga laifinsa ba, ruwa ba ya tsami banza. Mu nan Kano wa zai ba mu labari? A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Su ma ai da fararen riguna suka zo. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. To wanda ya yi maka haka a garinka, ka je nasa garin kana baƙo, ba ka jin yarensa, ka miƙa masa cikinka kana barci?

Maman Ilham:
Allah ya ƙara sauƙi. Malam Sani, don Allah fara kai masa wannan saƙon kafin a shiga dogon zance. Ni nas ce a Lesta ta Ingila, na yi shekaru a sashen tiyata. Huda ukun nan haka ake aikin yanzu: ɗaya ta kyamara ce, biyu na kayan aiki. Kowacce ba ta kai faɗin babban yatsa ba. Ƙodar babban mutum kuwa ta kai girman dunƙulen hannunsa, ta ina za ta bi ta fito? Ko masu ba da ƙoda da kansu da ake yi musu aikin kyamara, sai an ƙara tsaga wani wuri mai tsawon yatsa ko fiye kafin a zaro ta.

Sannan ƙoda ba tayar mota ba ce da za a kwance a ɗaura wa kowa. Sai jini ya dace, sai an yi gwajin dacewar jiki, sai mai karɓa yana nan a shirye, domin bayan cirewa ba ta jure fiye da yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin ƙanƙara. Zuciya ma awa huɗu zuwa shida ne. Kuma wane mahaukacin likita ne zai ɗauki ƙoda daga cikin da ya cika da ruɓa ya dasa wa wani? A ɗakin tiyata akwai mai fiɗa, mataimakinsa, mai ba da maganin barci, nas biyu ko uku, har audugar da aka yi aiki da ita sai mun ƙirga kafin a rufe ciki. Duk waɗannan za su haɗa baki su yi shiru?

Abu mai sauƙi: 'yarsa ta roƙi a kawo na'urar hoton ciki bakin gadonsa, a nuna masa ƙodojin da idonsa. Minti biyar ne.

Ɗan Fagge:
Anti, ai gwano ba ya jin warin jikinsa. Ke ma'aikaciyarsu ce.

Admin:
Ɗan Fagge a yi a hankali. A kawo hujja, ban da cin fuska.

Abdul Alƙahira:
Malam Sani, ina ga kuskuren da muke yi shi ne muna neman asalin tsoron a Minesota. Ba can aka haife shi ba, a hanya suka ɗauko shi.

Tun da gwamnatin Siad Barre ta Somaliya ta faɗi a Janairun 1991 mutanen nan suke kan hanya. Wasu sun yi shekara goma, wasu ashirin a sansanin Dadab na Kenya kafin a kwashe su. Wasu ta Sudan suka bi zuwa Masar ko Libiya. Ni shekara biyar ina karatu a nan Alƙahira, kuma cinikin ƙoda a garin nan ba tatsuniya ba ce. A Disambar 2016 hukumomi sun kama sama da mutum 40, cikinsu har da likitoci, nas-nas da malaman jami'a, a 2018 kotu ta ɗaure 37. Alhali tun 2010 aka yi dokar da ta hana sayar da sassan jiki. Waɗanda dillalai suka fi farauta su ne talakawa da baƙin haure, musamman 'yan Sudan, masu neman kuɗin jirgin ruwa zuwa Turai. Na taɓa zama a shagon shayi da wani matashi, ya ɗaga riga ya nuna mana tabon, dogo ne ya zagayo ta kwiɓi. Ya ce rabin kuɗin da aka yi masa alkawari aka ba shi, kuma ba shi da wurin kai ƙara tunda shi ma laifi ya aikata a idon doka.

Ga kuma samarinsu masu tafiyar da suke kira tahriib, wato bin ɓarauniyar hanya zuwa Turai. A Libiya akwai masu garkuwa da su, Magafe suke ce musu, wai wanda ba ya kuskure. Su kira uwa a waya tana jin ihun ɗanta, a ce ko ki turo kuɗi ko mu sayar da ƙodarsa. Su wa ake bi a tara kuɗin fansar? Irin su Adeer ɗinka da ke Amurka. Mutumin da ya taɓa ba da dala ɗari don kada a farke ɗan ƙanwarsa, kai kake gaya masa ba a satar ƙoda?

Sani Direba:
Allahu akbar. Wallahi Abdul ka taɓo wani abu. Bara an yi irin wannan karo-karon a masallacinmu, ni ma na ba da abin da ya sawwaƙa. Ban taɓa haɗa shi da zancen asibiti ba.

Ɗan Fagge:
To kun ji. Kuma kada a ce Masar ce kawai. Ike Ekweremadu fa? Tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa guda, ya sa aka kai yaro mai talla daga Legas har Landan don a cire masa ƙoda a ba 'yarsa. Landan fa, Anti, ƙasarku ta masu ƙirga auduga.

Maman Ilham:
Na gode da ka kawo wannan, don hujjata ce ba taka ba. Wa ya tsayar da aikin? Likitan ƙoda na asibitin Royal Free ne ya zauna da yaron, ya ga bai fahimci abin da aka kawo shi yi ba, ya ce ba za a yi ba. Daga baya yaron ya kai kansa wajen 'yan sanda. A Mayun 2023 aka yanke wa Ekweremadu shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya yi dillancin, Obinna Obeta, shekara 10. Mai kuɗi da muƙami ya zo da niyyar biya, bai samu ba.

Amma ba zan rufe ku ba, akwai abin kunyar da ya faru a ƙasar nan, kuma ba a ɓoye yake ba. A asibitin yara na Alder Hey da ke Libaful, tsakanin 1988 da 1995, an riƙa cire sassan jikin yaran da suka rasu ana ajiyewa a kwalabe ba da sanin iyaye ba. Ɗaruruwan yara. Rahoton bincike ya fito a Janairun 2001, wasu iyayen sai da suka sake jana'iza sau biyu, har sau uku, saboda ana dawo musu da sassan ɗaya bayan ɗaya. Shi ya haifar da dokar 2004 da ta sa taɓa jikin mamaci ba izini ya zama laifi. Lura da lokacin: daidai shekarun da 'yan Somaliya ke kwararowa Ingila ne labarin ke cika talabijin. Mai ɗan guntun Turanci abin da zai tsinta shi ne asibiti, yara, an cire zuciya. Ba zai tsaya bambance gawa da mai rai ba.

Hajiya Ta Annabi:
'Ya'yana ku bar ni in sa baki, duk da ban iya dogon rubutun nan naku ba. Zancen gawa da Maman Ilham ta yi, nan gizo ke saƙar. Ƙanin maigidana a Turai ya rasu, faɗuwa ya yi a wurin aiki. Kwana tara suka riƙe shi. Da aka kawo shi gida masu wanka suka buɗe, sai ga ɗinki tun daga ƙirji har mara, kamar buhun da aka ɗinke da tsinke. Maigidana ya fito daga ɗakin nan bai iya magana ba. Har ya koma ga Allah yana cewa kwashe kayan cikin ɗan'uwansa aka yi. Ba wanda ya taɓa zama ya ce mana ga dalili. Takarda ce dai da yaren da ba mai iya karantawa. Ni ban ce an sata ba, ban ce ba a sata ba. Amma wanda ya ga ɗinkin nan da idonsa, ba ki isa ki sa shi ya kwanta a yi masa allurar barci ba.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa ya huta. Abin da kika gani binciken gawa ne. A ƙasashen nan duk mutuwar fuju'a, ko ta haɗari, ko wadda likita bai san dalilinta ba, hukuma ce ke ba da umarnin a buɗe a duba, ba sai dangi sun yarda ba. Ana fito da kayan cikin a duba a mayar, a ɗan yanki ƙanana don gwaji. Gawar da ta kwana ba a dasa ƙodarta ko hantarta, sun riga sun lalace. Amma gaskiyarki, rashin bayanin nan zalunci ne. A wasu garuruwan Ingila yanzu ana iya neman a sa gawa a na'urar hoto maimakon fiɗa, Yahudawa da Musulmi ne suka matsa aka samu haka, sai dai wani wurin dangi ke biya, kuma in hoton bai nuna dalili ba dole a buɗe.

Malam Habu Zariya:
Bismillah. Tunda an zo kan gawa bari in ce wani abu. Hadisi ya inganta a wajen Abu Dawuda da Ibnu Majah cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Don haka ƙyamar da Musulmi ke yi wa taɓa gawa tana da asali, ba jahilci ba ne, kuma mutanen Somaliya Shafi'awa ne masu riƙo. Amma a rarrabe abubuwa. Sata haramun ce ba saɓani. Sayarwa haramun ce. Kyauta kuwa malamai sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashe da sharuɗɗa: daga mai rai in ba zai halaka shi ba, daga mamaci in shi ko magadansa sun yi izini, kuma ba ciniki. Akwai waɗanda suka ƙi, irin su Shaihu Sha'arawi na Masar, hujjarsa jiki ba mallakarka ba ne balle ka kyautar. Kowa da madogararsa.

Abin da ban san malamin da ya halatta ba shi ne mutum ya zauna kwana uku da ciwon da zai kashe shi ga magani a kusa. Limaminku ya kyauta, Allah ya saka masa.

Binta Tafinta:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ina aikin tafinta a asibitoci a Kolambos ta jihar Ohayo, Hausa da Faransanci nake yi, kuma nan ne gari na biyu wajen yawan 'yan Somaliya, abokan aikina da yawa su ne. Abin da nake gani kullum ba sata ba ne, kurman zance ne.

A kawo tsoho sabon zuwa, a ɗebi jininsa kwalba shida ba wanda ya ce masa ga amfanin kowacce. Ya koma gida ya ce jini suke tarawa. A miƙo masa takarda shafi huɗu a ce sa hannu nan da nan. Harshen Somaliya sai 1972 aka tsayar da rubuta shi da boko, dattawa da yawa da kunne suke karɓar labari ba da takarda ba, abin da aka faɗa a majalisa shi ne jarida. Wani lokaci a kira tafinta ta waya mai jin Maxaa, alhali mara lafiyan Maay yake yi, kamar ka haɗa Bakano da Bafulatanin daji ka ce ai duk 'yan Arewa ne. Ko a sa yarinya 'yar shekara sha biyu ta fassara wa ubanta zancen mafitsara. Doka ta ce asibiti ya kawo tafinta kyauta, amma sai wanda ya san haƙƙinsa.

Wurin da ya fi muni shi ne ɗakin masu jinya ta musamman. A Amurka doka ta wajabta wa asibiti ya sanar da hukumar da ke kula da ba da sassan jiki duk lokacin da mara lafiya ya kusa cikawa. To ka ga uwa zaune, ɗanta na kan na'urar numfashi, ƙirjinsa na ɗagawa, jikinsa da ɗumi. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta mutu. Ba a jima ba ga wata baƙuwar fuska da fayil tana tambaya ko za a ba da ƙodarsa da hantarsa. Me kake so uwar nan ta fahimta? Kafin magariba labari ya kai Nairobi cewa sun kashe yaro don kayan cikinsa. Alhali likitan da ke jinya daban, masu dashe daban, kuma wanda ya tabbatar da mutuwa ba ya cikin masu cirewa.

Ku duba lasin tuƙinku ma. Wajen karɓa ana tambaya ko ka yarda ka zama mai bayarwa, mutane na cewa eh ga komai don a sallame su. A nan wannan eh ɗin wasiyya ce a idon doka, dangi ba su da ikon sokewa.

Sani Direba:
Innalillahi. Na ciro nawa yanzun nan. An rubuta DONOR ƙarara. Wallahi ban san lokacin da na ce eh ba.

Ɗan Fagge:
Hahaha! Mai kai wani asibiti ashe shi an riga an yi masa rajista. Malam Sani ka bar mana motar dai.

Maman Ilham:
Kwantar da hankalinka, kana iya cirewa ko ka bari, ra'ayinka ne. Mu nan Ingila ma abin ya juye tun 20 ga Mayun 2020: duk baligi ana ɗaukarsa ya yarda sai in ya yi rajistar ƙi. Ban da yara, ban da wanda bai shekara a ƙasar ba, kuma har yanzu sai an zauna da dangi. Amma ranar da dokar ta fara, saƙonnin murya da suka riƙa yawo a WhatsApp na matan unguwarmu, Somaliyawa da namu duka, cewa suke gwamnati ta mallake gawar kowa.

Ɗan Fagge:
To Malama Binta, tunda kin ce masu jinya daban masu dashe daban, mutumin jihar Kentaki ta Amurka fa? Na ji an kai shi za a cire masa sassan jiki, ya farka.

Binta Tafinta:
Ya faru, ba zan musa ba. A Oktoban 2021 ne, labarin ya fito fili a 2024. An shiga da shi ɗakin tiyata yana motsi har da hawaye, likitocin da ke wurin suka ce ba za su taɓa shi ba, aka fasa, kuma ya rayu. Gwamnatin tarayya ta binciki hukumar da ke kula da yankin. Abin tsoro ne, ni kaina ya girgiza ni. Amma ka lura mutum ne da ke kan na'ura aka ɗauka ba zai tashi ba, ba wanda ya shigo da ƙafarsa da ciwon ciki ba.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne abin da tsoron ke jawowa, don shi nake gani da idona. Matansu da yawa na gudun tiyatar haihuwa kamar mutuwa, wata ta rage cin abinci don kada ɗan ya yi girma, wata ta ƙi zuwa sai naƙuda ta yi nisa. In ka bi ta inda suka fito ba za ka zarge su ba, a can wadda aka shiga da ita tiyata sau da yawa an riga an makara. Sai a zo nan a yi ta jayayya da likita bugun zuciyar jariri na sauka.

Kuma Malam Sani ai a garinku aka yi na ƙyanda. Wajen 2008 iyaye suka lura 'ya'yansu da yawa na da lalurar otizim, mai shafar magana da mu'amalar yaro, suka yi tambaya ba su samu amsa mai gamsarwa ba. Wa ya zo ya zauna da su? Andrew Wakefield, likitan da Ingila ta ƙwace wa lasisi a 2010 kan binciken ƙarya da ya danganta allurar rigakafi da lalurar. Ya je Miniyafolis ya gana da iyaye fiye da sau ɗaya. Yaran Somaliyawan Minesota da ake yi wa allurar suka sauko daga kashi 92 cikin 100 a 2004 zuwa 42 a 2014. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, sama da mutum 70, akasarinsu yaransu. Alhali binciken Jami'ar Minesota na 2013 ya nuna yaro 1 cikin 32 ne a wajensu, 1 cikin 36 a wajen Turawan garin, kusan kunnen doki. Da hukuma ta tashi gyara, limamai ta nema.

Ɗan Fagge:
Kamar dai shan inna a nan 2003, sai da aka bi ta kan sarakuna da malamai. Wannan kam na yarda. Amma batun in kwanta a sa ni barci a ƙasar wani, ina nan kan bakana.

Yakubu Mai Ƙoda Ɗaya:
Sunan nawa ma ya isa. Ni na ba yayana ƙoda shekara bakwai da suka wuce, bayan ya yi shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako har muka sayar da gona. Wata uku ana gwada ni. Jini, fitsari, hoto, zuciya, wata mata ma ta keɓe ni a ɗaki ta tambaye ni sau uku ko tilasta mini aka yi. Mu huɗu muka je 'yan ɗaki ɗaya, ni kaɗai na dace. Bayan aiki sati shida ban ɗauki bokitin ruwa ba. Wanda aka cire wa ƙoda ba sai ya ƙirga filasta ba, jikinsa zai gaya masa. Ku gaida Adeer, ku ce wani mai guda ɗaya ya ce ko da ɗayar ma ana noma.

Hajiya Ta Annabi:
Allah ya yi maka albarka Yakubu. Wannan ita ce zumunta.

Binta Tafinta:
Af, na manta, Malam Sani. Tunda a Minesota kake, tun 2015 akwai dokar da ta ba dangi damar ƙin binciken gawa saboda addini. Ba kullum ake ɗagawa ba, in ana zargin kisa ko wata cuta mai yaɗuwa za su iya zuwa kotu. Amma ku gaya wa kwamitin jana'izar masallacinku, da yawa ba su sani ba.

Sani Direba:
Jama'a na dawo daga asibiti yanzu. Mun yi yadda Maman Ilham ta ce. Da farko nas ɗin ta ce ba a rubuta masa hoto ba, sai 'yar ta dage, aka kira likitar. Ita kuwa da ta ji dalili ba ta yi dariya ba, da kanta ta turo na'urar. Aka samu tafinta namiji, dattijo kamarsa, ya zo da ƙafarsa ba ta waya ba. Ta shafa masa man nan mai sanyi a kwiɓin dama, ta juyo masa da allon, ta ce ga ta nan. Ta koma hagu, ga ɗayar. Adeer ya ce a sake. Ta sake. Ya karɓi abin da hannunsa ya ɗora, ya ɗage, hoton ya ɓace, ya mayar, ya dawo. Sau uku yana yi. Sannan ya ce alhamdulillah, ya nemi shayi, aka ce ba yanzu ba.

Har na miƙe zan tafi sai ya riƙo rigata. Wai to afendis ɗin da aka cire, ina aka kai shi? Nasa ne, yana so a ba shi ya binne.

Maman Ilham:
Yana ɗakin gwaje-gwaje, duk abin da aka cire sai an duba shi. Su tambaya tun yau kafin a zubar, wasu asibitocin na bayarwa in an cike takarda, wasu ba sa yi saboda maganin da ake jiƙa shi a ciki.

Malam Habu Zariya:
In an samu a binne ya fi. In ba a samu ba babu komai a kansa.

Ɗan Fagge:
Lasin fa, Malam Sani? Za a goge ko za a bar mana?

Sani Direba:
Ban yanke ba tukuna. Zancen Yakubu ya tsaya mini. Zan kira Hajiyarmu a Gusau in ji ta bakinta, in ta ce a goge, ranar Litinin ina ofishinsu. Yanzu dai bari in je in ɗauko 'yar Adeer, ita za ta kwana wajensa.